Zaɓen Ruwan Sha da Tsarin Tsabta a Kiwon Gizo-gizon Tarantula

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci kiwo, abin da yakan fara zuwa wa Bahaushe a rai shi ne shanu da tumaki da awaki, ko kuwa tsuntsayen gida irin su kaji da tantabaru. Amma a ƙasashen Turai da Amurka akwai wani nau'in kiwo wanda ba don nama ko nono ko ƙwai ake yin sa ba, sai don sha'awa da nazari kurum. Daga cikin halittun da ake ajiyewa ta wannan fuska akwai wani ƙaton gizo-gizo mai gashi da ake kira tarantula, wanda akan tsare shi a cikin akwatin gilashi ko na roba, a riƙa ciyar da shi gyare da kyankyaso da tsutsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan abubuwa biyu da rayuwar wannan halitta ta rataya a kansu a hannun mai kiwo, watau ruwan da za a ba ta, da kuma yadda za a tsabtace mazauninta. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tsabtar da ta dace da tarantula ta sha bamban da irin wadda ɗan Adam ya saba yi wa ɗakinsa. A wurinta, kwanon ruwa ne yake bukatar kulawa kullum, shi kuwa mazaunin kansa, gwargwadon ƙarancin taɓa shi gwargwadon lafiyarta. Daga cikin hanyoyin da masu kiwo suke yin asara akwai guda uku: ƙishirwa, da danshi mai yawa a inda babu iska, da kuma guba da ke shiga akwati ta hanyar sabulu ko maganin ƙwari.

2.0 Sunan da Ire-irensa

Kalmar tarantula ta samo asali ne daga sunan birnin Taranto da ke kudancin Italiya. A can da farko sunan wani gizo-gizo ne na daban, wanda masana suke kira Lycosa tarantula. Daga baya, da Turawa suka isa nahiyar Amurka suka tarar da manyan gizo-gizo masu gashi, sai suka laƙaba musu wannan suna, ya kuwa bi su har yau. Masana ilimin halittu suna kiran dangin Theraphosidae, kuma an bayyana ire-irensa sama da 1,000.

Hausa tana da kalmar gizo-gizo a matsayin suna gama-gari, tana kuma da tautau, wanda ake danganta shi da ƙurajen da kan feso wa mutum a fata. Babu ɗaya daga cikin biyun da ta keɓanta ga wannan dangi, don haka a nan an ari kalmar tarantula yadda take. Tun da yake ta ƙare da wasalin a, an bi da ita bisa jinsin mace, kamar yadda Hausa takan yi wa galibin kalmomin aro masu irin wannan ƙarshe. Wannan kuwa ya yi daidai da abin da ke faruwa a kiwon, domin macen aka fi ajiyewa. Macen wasu ire-iren, kamar na jinsin Brachypelma na ƙasar Meziko, takan rayu shekara 20 zuwa 30, alhali namiji ba ya daɗewa bayan ya balaga. Ashe ke nan wanda ya ɗauki mace ya ɗauki amanar shekaru masu yawa, kuma ƙaramin kuskuren da yake maimaitawa mako-mako zai tarar masa da babbar illa.

Ana iya kasa tarantula ta fuska biyu. Ta fuskar ƙasar asali, akwai na nahiyar Amurka, waɗanda galibinsu suke da wani gashi mai ƙaiƙayi a bayan ciki da suke karkaɗowa idan an tsorata su, akwai kuma na Afirka da Asiya, waɗanda ba su da wannan gashi, amma sun fi sauri, dafinsu kuma ya fi zafi. Ta fuskar mazauni kuwa, akwai masu zama a doron ƙasa, da masu haƙa rami, da masu zama a kan bishiya. Afirka ta Yamma tana da nata rabo a wannan dangi. Heteroscodra maculata, mai zama a bishiya, ana samun ta a Togo da Gana, Hysterocrates gigas kuwa, mai haƙa rami, 'yar ƙasar Kamaru ce, kuma dukansu sanannu ne a wurin masu kiwo na Turai.

3.0 Matsayin Ruwa a Jikin Tarantula

Kafin a yi maganar irin ruwan da ya dace, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ruwa yake da muhimmanci ga wannan halitta fiye da yadda ake zato. Akwai dalilai uku.

Na farko, tafiyar tarantula da ƙarfin ruwan jiki take. A wasu gaɓoɓi biyu na kowace ƙafa tana da tsokar da ke lanƙwasa ƙafar, amma ba ta da wadda ke miƙe ta. Abin da ke miƙe ƙafar shi ne jinin da take turawa cikinta da ƙarfi, kamar yadda mesa takan miƙe idan an sakar mata ruwa. Saboda haka, idan ruwan jiki ya yi ƙasa, ƙafafu sukan kasa miƙewa, su nannaɗe a ƙarƙashin jiki. Wannan nannaɗewa ita ce babbar alamar da masu kiwo suke tsoro, domin sau da yawa ita ce matakin ƙarshe kafin mutuwa.

Na biyu, numfashinta ma hanyar asarar ruwa ce. Tarantula tana da huhu huɗu a ƙarƙashin ciki, kowanne yana ɗauke da siraran fatu jere bisa jere kamar shafukan littafi, iska tana ratsawa tsakaninsu. Ta waɗannan fatu ne wani kaso na ruwan jiki yake ficewa, musamman a busasshiyar iska.

Na uku, tarantula ba ta girma sai ta hanyar saɓa, watau ta tuɓe tsohuwar fata gaba ɗaya kamar yadda maciji yake yi. A lokacin saɓa takan kwanta rigingine, ta yi amfani da ƙarfin ruwan jiki ta fasa tsohuwar fata, ta zaro ƙafafunta takwas. Wadda ta shiga wannan aiki da ƙishirwa tana iya maƙalewa, ta rasa ƙafa ko ta rasa rai. A nan akwai bambancin da ya wajaba mai kiwo ya sani: wadda ta kwanta rigingine saɓa za ta yi, kada a taɓa ta, amma wadda take kife ƙafafunta a nannaɗe a ƙarƙashinta, ita ce take cikin haɗari.

Gaskiya ne tarantula tana samun wani ruwa daga abincinta, domin takan zuba wa abin da ta kama ruwan narkarwa, sa'an nan ta tsotse. Amma wannan bai wadatar ba, saboda takan ƙaurace wa abinci na makonni, wasu ma na watanni, musamman gab da saɓa. Grammostola rosea ta ƙasar Cile ta yi suna wajen irin wannan dogon azumi. Yunwa ba ta cika kashe tarantula da wuri ba, ƙishirwa ce take kashe ta.

4.0 Zaɓen Ruwa

Ƙa'idar da galibin masu kiwo suke bi mai sauƙi ce: ruwan da mutum zai sha hankalinsa kwance, shi ne za a ba tarantula. Duk da haka kowane irin ruwa yana da abin lura.

4.1 Ruwan Famfo

Hukumomin ruwa suna zuba sinadarin kulorin a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 5 a kowace lita, kuma abin da ke isowa gidaje galibi bai kai kusa da haka ba. Tarantula ba kifi ba ce da ke numfashi a cikin ruwa, sha kurum take yi, don haka mutane da yawa sun yi shekaru suna ba ta ruwan famfo ba tare da wata illa ba. Wanda yake son ƙarin kiyayewa sai ya tari ruwan a buɗaɗɗen mazubi ya bar shi ya kwana, kimanin awa 24, domin kulorin yakan fice da kansa ya bi iska.

Amma wannan dabara ba ta aiki a ko'ina. Wasu birane suna amfani da kuloramin, watau haɗin kulorin da amoniya, wanda aka zaɓa musamman don ba ya saurin ficewa. A Amurka, fiye da mutum ɗaya cikin biyar irin wannan ruwa yake sha. Barin sa ya kwana ba ya raba shi da sinadarin, sai dai a bi da shi ta matatar gawayi da aka yi don haka, ko a koma wa wani ruwan. Har ila yau, idan bututun gida tsofaffi ne, na jan ƙarfe ko na dalma, ya kyautu a bar famfo ya ɗan zuba kafin a tara, a kuma ɗebi ruwan sanyi maimakon na zafi, domin ruwan da ya kwana a bututu da ruwan zafi sun fi ɗaukar ƙarfe.

Akwai kuma ruwan da ke ɗauke da sinadarin farar ƙasa mai yawa. Shan sa ba ya cutarwa, illarsa ita ce yakan bar farin dabbare a kwano da jikin gilashi idan ya bushe, wanda hakan yakan jawo yawan goge-goge. A gidajen da aka sa na'urar gyara irin wannan ruwa da gishiri, sai a ɗebi ruwan tarantula daga famfon da bai bi ta na'urar ba, saboda na'urar tana musanya farar ƙasa da sinadarin gishiri ne.

4.2 Ruwan Kwalba da Ruwan Tururi

Ruwan sha na kwalba ya dace, muddin ruwa ne zalla, ba a sa masa ƙamshi ko zaƙi ko iskar gas ba. Haka nan ruwan tururi, watau wanda aka tafasa aka tara tururinsa ya koma ruwa, da wanda aka tace ta matatar da ke cire gishiri-gishiri baki ɗaya. Amfanin waɗannan biyu shi ne ba su barin dabbare, don haka su aka fi so wajen jiƙa ƙasar akwati da goge gilashi. Tarantula tana samun gishirin da jikinta yake bukata daga abincinta.

4.3 Ruwan Sama da na Rijiya da na Tafki

Mutum zai iya cewa, ai a daji ruwan sama da raɓa take sha, don haka ruwan sama ya fi kowanne. Amma ruwan da ya bi ta rufin kwano da indararo ya wanko ƙura da kashin tsuntsaye da tsatsa, a kusa da gonaki kuma yana iya ɗauko burɓushin feshi. Ruwan rijiya yana da kyau idan an tabbatar mutane suna shan sa lafiya, amma rijiyar da ke tsakiyar gonakin da ake yi wa taki da maganin ƙwari abar gudu ce. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta tabbatar da fitar maganin ƙwari. Ruwan tafki da na kududdufi kuwa bai kamata a kusance shi ba sam. Dalilin wannan tsanani shi ne, abin da aka haɗa don ya kashe ƙwari, kaɗan daga cikinsa ya isa ya illata gizo-gizo, ko da bai kai ya dami mutum ba.

5.0 Kwanon Ruwa

Idan tarantula za ta sha, takan sunkuyar da gaban jikinta ta tsoma baki a ruwa, cikinta kuwa yana waje, don haka huhunta ba ya jiƙewa. Wannan ya nuna irin kwanon da ya dace: mai faɗin baki, marar zurfi, kimanin santimita 1 zuwa 2 ga babba, wanda faɗinsa bai wuce faɗin ƙafafunta ba. Na tangaran ko gilashi ko roba mai santsi ya fi sauƙin wankewa. Ga 'yan ƙanana, murfin kwalba ya wadatar, waɗanda kuwa suka yi ƙanƙanta ainun, akan ɗiga musu ruwa a gefe ɗaya na ƙasar mazubinsu ko a kan yanarsu. Masu zama a bishiya akan maƙala musu kwano a sama, kusa da inda suka yi saƙa.

A da an saba sa soso ko auduga a cikin kwano, bisa zaton cewa tarantula za ta nutse idan babu su. Wannan al'ada masu kiwo sun yi watsi da ita, domin jiƙaƙƙen soso matattarar ƙwayoyin cuta da fumfuna ne, gyare kuma yakan yi kashi a kai. Game da nutsewa kuwa, gashin jikin tarantula yana korar ruwa, har takan iya yawo a samansa. Hysterocrates gigas ta Kamaru ma an san ta da shiga ruwa da kanta ta ɓuya a ciki. Wanda yake nutsewa shi ne gyare, kuma mushensa ne yake ɓata ruwan. Maganin wannan shi ne a sa ɗan tsakuwa mai tsabta a cikin kwanon don ya sami abin hawa. Haka kuma ruwan daskararre mai kamar ƙullun kamu da ake sayarwa don shayar da gyare bai dace da tarantula ba, saboda bakinta ruwa zalla yake iya tsotsa.

Abin da yakan ba sababbin masu kiwo haushi shi ne, tarantula takan cika kwanonta da ƙasa, ko ta kife shi, ko ta jefa ragowar abinci a ciki. Wannan ɗabi'arta ce, ba alamar tana ƙin ruwa ba. Sai a wanke a sake cikawa. Idan kuwa ta binne shi a bakin raminta, ya fi kyau a kawo wani kwano a ajiye, da a rushe mata gini garin tono na farko.

6.0 Danshi da Iska

Ruwan sha dabam, danshin ƙasar akwati dabam, kuma kowane iri da gwargwadonsa bisa yanayin ƙasarsa ta asali. Grammostola rosea, da Chromatopelma cyaneopubescens ta tsibirin-gaɓar Paraguana a arewacin Benezuwela, 'yan busasshiyar ƙasa ne. Busasshiyar shimfiɗa da cikakken kwano sun ishe su, idan ma aka jiƙa ƙasar sai a ga sun hau bango suna gudun ta. Theraphosa blondi kuwa, wadda nauyinta yakan kai giram 170, 'yar kurmin arewacin Amurka ta Kudu ce, don haka tana bukatar ƙasa mai zurfi wadda ƙasanta yake da danshi a koyaushe.

Hanyar samar da danshi ita ce a zuba ruwa a kusurwa ɗaya ya gangara ƙasa, a bar ɗaya gefen a bushe, don ta zaɓi inda take so. Fesa ruwa a sama ba ya daɗewa, kuma fesa shi a jikinta tsorata ta kurum yake yi. Ma'aunin da ake bi shi ne, idan aka damƙi ƙasar ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, to ta yi daidai.

Babban kuskure shi ne a toshe kafofin iska don a riƙe laima. Danshi a inda iska ba ta gudana shi yake haifar da fumfuna da ruɓa. Masu kiwon jinsin Avicularia, masu zama a bishiyoyin Amurka ta Kudu, sun daɗe suna asarar 'yan ƙanana kafin su gane cewa cunkushewar iska ce take kashe su. A saman bishiya laima tana da yawa, amma iska ma tana kaɗawa. Shi ya sa yanzu ake huda musu kafofi a gefe da gefe na akwati don iska ta ratsa.

7.0 Tsarin Tsabta

Tarantula ba ta da yawan ƙazanta. Kashinta ɗan farin abu ne mai saurin bushewa, ragowar abincinta kuwa takan dunƙule shi ta ajiye a gefe ɗaya. Saboda haka aikin tsabta ya kasu mataki uku.

7.1 Aikin Kullum

A leƙa kwano a ga ko da ruwa, ko wani abu ya faɗa ciki. A ɗauke dunƙulen ragowar abinci da dogon hantsaki kafin ya yi fumfuna, musamman a akwati mai danshi. Duk gyare ko kyankyason da ba a ci ba bayan awa 24 a fitar da shi. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai gab da saɓa da bayanta, domin a lokacin jikin tarantula taushi gare shi, ba ta iya kare kanta, gyare mai yunwa kuwa yana iya cin ta. Bayan saɓa, babba takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin fiƙoƙinta su yi ƙwari su koma baƙi. A tsawon wannan lokaci ba a ba ta abinci, amma kwano ya kasance cike.

7.2 Aikin Mako-mako

Aƙalla sau ɗaya a mako a fitar da kwano a wanke shi da ruwan zafi, a goge yauƙin da ke manne a cikinsa, domin wannan yauƙi tarin ƙwayoyin cuta ne, ƙara ruwa a kansa kuwa ba ya kawar da shi. Ya fi kyau a keɓe masa ɗan burushi nasa wanda bai taɓa shiga sabulu ba. Idan farin dabbare ya kama kwanon, a jiƙa shi a ruwan khal da aka sirka, sa'an nan a ɗauraye shi sosai har warin ya fita. Wanda yake da akwatuna da yawa kada ya riƙa musanya kwanuka tsakaninsu, ya kuma wanke hantsaki daga wannan akwati zuwa wancan. Kashin da ke jikin gilashi a goge shi da tsumma ko takarda mai laushi da aka jiƙa da ruwa zalla.

7.3 Sauya Shimfiɗa

Sauya ƙasar akwati gaba ɗaya ba aikin wata-wata ba ne. Tarantula ba ta gani sosai, da taɓi da girgiza take sanin duniyarta. Zaren yana da take shimfiɗawa a ƙasa da bakin rami shi yake kawo mata labarin motsin abinci da na abokin gaba. Wanda ya kwashe wannan duka da sunan tsabta ya mai da ita baƙuwa a gidanta, takan yi kwanaki ko makonni tana yawo tana hawa bango, ta ƙi abinci. Hawa bango kuma haɗari ne ga masu zama a ƙasa, domin faɗuwa daga ɗan tsayi kaɗan tana iya fasa cikinta. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Saboda haka ba a sauya shimfiɗa sai da dalili: idan ta girma ta fi ƙarfin akwatin, ko fumfuna ta bazu, ko wari ya tashi, ko 'yan mitsi-mitsin ƙwari dangin kaska sun yi yawa, ko ƙananan ƙudaje sun soma haihuwa a ciki. Ɗan tabon fumfuna a wuri ɗaya kuwa, sai a ɗebe shi da cokali tare da ƙasar da ke kewaye da shi, a bar wurin ya sha iska. Idan sauyin ya zama dole, a lallaɓa tarantula da burushi mai laushi ta shiga wani mazubi mai murfi, a yi aikin a ƙasa ba a kan tebur ba. A wanke akwatin da ruwan zafi, a bar shi ya bushe, a zuba sabuwar shimfiɗa ta zaren ɓawon kwakwa ko ƙasar da ba a sa mata taki ko magani ba.

Akwai cuta guda da ke wajabta keɓewa nan take, watau wasu tsutsotsi 'yan mitsi-mitsi da ke taruwa a bakin tarantula kamar farin kumfa, su hana ta ci. A shekarar 2022 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Ribasaid suka bayyana wani sabon iri daga cikinsu, suka sa masa suna Tarantobelus jeffdanielsi. Wadda aka ga wannan alama a bakinta a nisanta ta daga sauran, kayan aikinta ma a ware su.

8.0 Guba da Kiyaye Kai

Abin da mutum yake ɗauka kayan tsabta, sau da yawa guba ne a akwatin tarantula. Bilic da garin sabulu da ruwan goge gilashi da turaren fesawa duk abin nisantawa ne. Mafi haɗari shi ne maganin ƙwari, kamar na fesawa da na sauro mai hayaƙi, da kuma magungunan ƙuma da kaska da ake ɗiga wa karnuka da kyanwoyi a wuya, irin masu sinadarin fifronil ko fametirin. Wanda ya shafa karensa sa'an nan ya ɗauki kwanon ruwa bai wanke hannu ba, yana iya kai gubar har bakinta. Masu kiwo sukan ga wata larura inda tarantula take fizge-fizge, ƙafafunta suna motsi ba tsari, har ta kasa kama abinci, kuma maganin ƙwari yana cikin abubuwan da suka fi zargi. Don wannan dalili ne ma ba a ba ta fara ko gyaren da aka kamo a gona.

Shi ma mai aikin yana bukatar kariya. Gashin ƙaiƙayi na ire-iren Amurka yana zuba a shimfiɗa da yana, ya tashi idan an motsa su. A watan Janairu na 2010 mujallar likitoci ta The Lancet ta kawo labarin wani mutum mai shekara 29 a birnin Lids na Ingila, wanda ya yi makonni yana fama da jan ido, da aka duba sai aka ga ƙananan gasu sun soke a ƙwayar idonsa. Ashe yana cikin goge akwatin tarantularsa 'yar Cile ce ta karkaɗo masa su a fuska. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Don haka a sa safar hannu da tabarau a lokacin babban aiki, kada a kusantar da fuska, a kuma wanke hannu kafin aiki da bayansa. Ire-iren Afirka da Asiya kuwa, da dogon hantsaki kaɗai ake aiki a akwatinsu, saboda saurinsu da zafin cizonsu.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an ga cewa ruwa shi ne ƙarfin tafiyar tarantula, shi ne kuma abin dogaronta a lokacin saɓa, don haka kwanonta bai kamata ya bushe ba ko da ta daina cin abinci. An ga cewa ruwan da ya dace da shan mutum ya dace da ita, tare da lura da kuloramin a ruwan famfo, da maganin ƙwari a ruwan sama da na rijiya. An kuma nuna cewa aikin tsabta ya fi yawa a kan kwano da ragowar abinci, shimfiɗa kuwa ba a sauya ta sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Idan an tarar da wadda ƙishirwa ta kayar, cikinta ya motse, ƙafafunta sun soma nannaɗewa, abin da akan yi shi ne a ɗora bakinta a gefen kwano marar zurfi, cikinta yana waje, a bar ta a wuri mai duhu da shiru. Wasu sukan farfaɗo, wasu kuwa an makara. Leƙa kwano sau ɗaya a yini ya isa ya hana a kai ga wannan hali, rigakafi kuwa ya fi magani.